Makulli na Biyu

Ranar Laraba da hantsi wata malamar makaranta ta shiga ɗakin malamai, ta tarar kowa ya yi tsit yana kallon wayarsa. Abin da suke kallo sakamakon gwajin jininta ne, da hotonta, da sunan maganin da ta shekara uku tana sha ba tare da ko ƙanwarta ta sani ba. Kafin azahar aka gano ba ita kaɗai ba ce. Bayanan marasa lafiya na ƙananan asibitoci arba'in da ɗaya aka kwashe daga rumbun wani kamfanin manhaja, aka baza su a intanet kamar shanya.

Ni aikina bin sawu ne, amma ba a ƙasa nake binsa ba. Duk wanda ya shiga kwamfutar da ba tasa ba sai ya bar alama: ta inda ya shigo, da ƙarfe nawa, da makullin wa ya buɗe. Shekara goma sha tara ina wannan aiki, har sunana na yanka ya ɓace, kowa sai dai ya ce Mai Bin Sawu. Kuma ba na ɓoyewa, aikin ya bar ni da saurin fushi.

Shugabar ƙungiyar asibitocin, wata tsohuwar likita mai fama da ciwon gwiwa, ita ta kira ni ranar Litinin. Ban gama zama ba ta miƙo mini wayarta ta ce in kalli abin da shugaban kamfanin ya faɗa a talabijin.

Ga shi nan, kwat a goge, murmushi a goge. "Garkuwarmu ta ƙarfe ce," in ji shi. "Ba a taɓa huda ta ba, yanzu ma ba a huda ta ba. Ɓarawon gida ne ya buɗe ƙofa, wata mace a sashen makullanmu, kuma ranar Juma'a mai zuwa za mu miƙa ta ga hukuma. Tsaron bayananku shi ne gaba da komai a wurinmu."

Wannan jimlar ta ƙarshe na ji ta a bakin shugabannin kamfani sun fi goma, kamar tela ɗaya ke ɗinka musu ita. Kuma ban taɓa jin an faɗe ta ba sai bayan an riga an yi ɓarnar.

"Mata nawa ne a sashen makullan?" na tambaya.

"Ɗaya," in ji Likita. "Kin ga ai daidai yake da ya faɗi sunanta. Yarjejeniyarmu da su ta ba mu damar kawo namu mai bincike. In ita ce, a ɗaure ta, ni ma marasa lafiyata aka tozarta. In ba ita ba ce, ina son in sani kafin Juma'a."

*

Ofishin kamfanin hawa biyu ne, duk gilashi, da kujeru masu launi-launi kamar makarantar yara. Ma'aikata wajen sittin, kowa na satar kallon na kusa da shi. Tebur ɗaya ne babu kowa a kai. An kwashe kwamfutar, an bar kofin shayi da hoton yara biyu, kuma na lura mutane sukan yi kwana in sun zo wucewa ta wurin.

Ban yi awa guda ba na sha gulma har na ƙoshi. Wannan ta ce ai Mai Makulli, kamar yadda suke kiran matar da ake zargi, ta canza waya a watan jiya. Wancan ya ce da ma ta fiye shiru, mai shiru kuwa ba a sanin cikinsa. Wani ya ja ni gefe ya ce in bar batunta, in nemi Dogo, injiniyan da aka kora bara, wanda ya fita yana rantsuwar sai sun gani.

Babban Injiniya ne ya buɗe mini kundin shige da fice, wato inda na'ura ke rubuta duk wanda ya shiga. Mutum ne mai furfura a gefen kai, yana magana yana kallon takalminsa.

"Makulli biyu muke da shi," ya ce. "Na farko kalmar sirri. In kin saka ta, sai a turo wata lamba wayarki, ki saka. Wannan shi ne na biyu. Ko ɓarawo ya samu kalmarki, sai ya samu wayarki."

"To ta ina aka shigo?"

Ya nuna mini. Ranar Asabar, ƙarfe uku da minti goma na rana, an shigo daga wata ƙasa da sunan Mai Makulli da kalmar sirrinta. Bugu ɗaya, babu lalube, babu kuskure. Ba a nemi lamba ba, saboda an cire makulli na biyu daga kan sunanta tun ranar Alhamis da safe, kwana biyu kafin satar.

"Wa ya cire?"

"Ita," ya ce. "Da hannunta."

"Don me?"

Ya ce wannan sai dai in tambayi lauyan kamfani. Na dube shi, ya ci gaba da duban takalminsa. Na ce a raina, kifi na ganinka mai jar koma.

*

Dogo na tarar a wani ɗan shago cikin kasuwa yana gyaran waya, madubi ɗaure a goshinsa. Da na faɗi ko ni wacece sai ya yi wata dariya mara daɗi.

"Na san za a zo. An ce na yi rantsuwa ko? Na yi. Wanda aka kora ba ya fita yana sa albarka."

"Ina kake ranar Asabar da rana?"

Ya ciro wayarsa, ya buɗe jerin bayanan da aka baza, ya miƙo mini. Sunan matarsa ne, da bayanin ɓarin da ta yi sau biyu, da tiyatar haihuwar da aka yi mata a ranar Asabar ɗin, ƙarfe biyu da rabi.

"Ina bakin ƙofar ɗakin tiyata, Yaya, ina zagaye kamar mahaukaci. Yanzu uwata ta karanta abin da muka ɓoye mata shekara huɗu. Ni zan yi wa kaina wannan?"

Na ba shi haƙuri, don ya cancanta. Na tambaye shi dalilin korarsa, ya ce ya sa hannu a takardar da ta ɗaure masa baki. Amma da na kai bakin ƙofa ya kira ni.

"Mai Makulli ba ɓarauniya ba ce. Matsalarta ɗaya, ba ta iya cewa a'a ba. Ni kuma na iya, shi ya sa kika gan ni a nan."

*

Ranar Talata na je gidan su Mai Makulli. Tun rasuwar mijinta ta koma wurin mahaifinta da 'ya'yanta biyu. Tsohon ya yi shekara talatin yana aikin duba ma'auni a kasuwanni, kuma duk unguwar an san ko kwabon wani bai taɓa karɓa ba. Akwai benci a ƙofar gidan inda yakan zauna da abokansa da yamma. Maƙwabciya ta ce tun ranar da aka yi maganar a talabijin bai ƙara fitowa ba.

Na gaishe shi a falo. Ya amsa, ya tashi da sandarsa ya shige ɗaki ya ja ƙofa.

"Kwana biyar ke nan bai ce mini uffan ba," in ji Mai Makulli. Siririya ce, ba za ta wuce talatin da biyar ba, idanunta sun kumbura. "Abincin da na dafa ma sai yarinyata ta kai masa yake taɓawa. Ita kuma yarinyar ta daina zuwa makaranta, ana ce mata 'yar ɓarauniya."

"Ke kika cire makulli na biyu?"

"Ni ce."

"Wa ya sa ki?"

Ta kau da kai tana murza bakin mayafinta. Na ce mata sabuwar wayar da ake gulma fa? Ta nuna mini, tsohuwar wayar ƙaninta ce, fuskar ma a tsage.

"Lauyan kamfani ya ce in yi shiru, za a san yadda za a yi da ni," ta ce. "Ya ce in na buɗe baki asibitoci za su gudu, kamfani ya rushe. Mutum sittin ke cin abinci a wurin, Yaya."

Raina ya ɓaci, na kuwa nuna mata. "Za a san yadda za a yi da ke kam. Ranar Juma'a, da ankwa. Su mutum sittin ɗin wa ya zo ya duba ki a cikinsu?"

Sai ta fashe da kuka. Abin da na iya tsinta a cikin kukan shi ne, ita kanta ba ta san yadda kalmar sirrinta ta fita ba, kuma ta fara yarda cewa sakacinta ne. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Sun maimaita mata ƙaryar har ta fara taya su ɗaukarta.

*

Da na koma ofishin, sai na daina duban ranar satar, na bi sawun baya. Mutum ba ya fara hali rana ɗaya. Na ja kundin har shekara biyu, na nemi duk ranar da aka taɓa cire makulli na biyu daga kan sunanta.

Sau tara. Kullum da safe ake cirewa, kullum kafin la'asar a mayar. Na ƙarshen ne kaɗai ba a mayar ba.

Wane irin ɓarawo ne zai buɗe ƙofa sau takwas ya rufe bai ɗauki ko tsinke ba? Na duba ranakun, ba ƙarshen wata ba ne, ba ranar gyaran na'ura ba ne, babu wani tsari. Na kwafe su a bayan wata ambulan na jefa a jaka.

Ranar Laraba Shugaba ya ba ni lokaci ƙarfe goma. Har sha ɗaya saura ina zaune a barandar ofishinsa, don manya ba sa jin sun cika sai an jira su. Bangon barandar cike yake da hotunansa a cikin gilashi: ga shi a kan dandamali ya ɗaga yatsa, ga shi yana karɓar kambu, ga shi yana nuna allon majigi. Ƙarƙashin kowane hoto an rubuta sunan taron da kwanan wata. Gajiyar zama ce ta sa na tashi ina karantawa.

A hoto na uku na tsaya. Na ciro ambulan ɗin. Na bi bangon daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ina dubawa ina sa alama. Duk ranar da aka cire makullin, Shugaba yana kan dandamali yana jawabi a kan tsaro. Hoton ƙarshe sabo ne fil, na ranar Alhamis ɗin nan, babban taron masu fasahar zamani, kwana biyu kafin satar.

Sakatariya ta leƙo ta ce yallaɓai ya shirya.

*

Ya tarbe ni da hannu biyu kamar mun shekara da sanin juna, sannan ya kama yi mini jawabi. Ya ce tsaro a wurinsu ba aiki ba ne, jini ne. Ya ce manhajarsu tana da kariya irin ta sojoji. Ya ce masu kutse na duniya sun gwada sun gaji. Na bar shi ya yi ta zuba, ina kallon agogon hannunsa wanda zai iya biyan albashin Mai Makulli na shekara.

"Ranka ya daɗe, da wane suna kake shiga manhajar?"

Ya yi dariya. "Ni hangen nesa nake yi. Danne-danne aikin yarana ne."

"Wato ba ka da naka makullin."

"Kwamanda ba ya gadin ƙofa."

Na miƙa masa katina na ce ya kira ni in ya tuna wani abu. Ya riƙe shi nesa, ya ƙanƙance ido, ya ƙara nesa da shi. Daga ƙarshe ya jawo aljihun tebur ya ciro tabarau, ya duba, ya yi saurin mayarwa.

"Ba ka saka su a hoto," na ce.

"Suna tsofar da mutum," ya ce, yana murmushi. "Ki gama aikinki da wuri. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, yarinyar nan kamar 'ya na ɗauke ta."

Na fita kafin bakina ya ja mini magana.

A cikin mota na nemo bidiyon jawabin ranar Alhamis. Wajen minti na ashirin ya ce, "Bari in nuna muku da idonku." Ya matsa wurin kwamfuta da takardun jawabinsa a hannu, ya duba takarda ya danna da yatsa ɗaya, ya sake dubawa ya sake dannawa. Nan take manhaja ta buɗe a allon majigi, aka ɗau tafi. Wayarsa ba ta fito daga aljihu ba, ba wanda ya tambaye shi lamba.

Na kira Mai Makulli. "Na san don jawabinsa kike cirewa, ba ke kika faɗa mini ba, don haka ki kwantar da hankalinki. Kalmar sirrin fa, yaya yake samunta?"

"A 'yar takarda nake rubutawa in ba Kakakin kamfani. In an gama ya dawo mini da ita in yayyaga. Wallahi wannan karon ma na yayyaga."

Amma abin da ke hannun Shugaba a bidiyon ba 'yar takarda ba ce. Na buɗe shafin kamfanin na intanet, sashen da suka sa wa suna Jawaban Shugaba, na sauko da na ranar Alhamis. Da na kai shafi na huɗu sai na kife wayar a cinyata, na daɗe ban tayar da motar ba.

*

Ranar Alhamis da safe na tara su a ɗakin taron kamfanin. Shugaba a kan tebur, lauya a damansa, Kakaki a hagunsa, wani gajere mai yawan turare wanda ke rubuta masa jawabai. Babban Injiniya ya zauna can ƙarshe. Likita ta zo da sandarta, ta kuma zo da sufeton 'yan sandan da aka shirya zai karɓi ƙarar. Mai Makulli ta zauna kusa da ƙofa, ba wanda ya gaishe ta a cikin mutanen kamfanin.

Na fara da ranakun tara. Na karanta kowace rana, na faɗi taron da Shugaba ya yi jawabi a cikinta. Sannan na juya ga Babban Injiniya.

"Malam, me ya sa ake cire makulli na biyu in Shugaba zai hau dandamali?"

Lauya ya ce ba dole ne ya amsa ba. Likita ta buga sandarta a ƙasa ta ce dole ne, in ba haka ba yau ɗin nan asibitoci arba'in da ɗaya za su janye. Babban Injiniya ya ɗago kai, karo na farko tun da na san shi.

"A taron farko lambar ta yi jinkirin zuwa," ya ce. "Yallaɓai ya tsaya minti guda a gaban jama'a yana jira, wasu suka yi dariya. Tun ranar ya ce duk sanda zai yi jawabi a cire masa ita."

"Ba ku da manhajar gwaji mai sunayen ƙarya?"

"Muna da ita. Ya ce ba ta cika ido, yana son a ga allon ya cika da gaske."

Likita ta dafe ƙirji. "Wato sunayen marasa lafiyata yake haskawa a gaban taro?"

Na koma kan Babban Injiniya. Na tambayi dalilin da ya sa ba a mayar da makullin ba a wannan karon. Ya ce Shugaba yana da hira a talabijin ranar Litinin, ya ce a bar shi a buɗe kada a yi ta wahalar cirewa da mayarwa. Mai Makulli ta zo har sau biyu tana roƙon a mayar, aka ce ta jira.

"Duk wannan ƙananan abubuwa ne na cikin gida," in ji Shugaba. "Ba su canza gaskiyar cewa wani ya sayar da kalmar sirri ba."

"Ba wanda ya sayar," na ce. "Kyauta aka raba ta."

Na kunna majigi, na buɗe shafin kamfanin a gabansu, na sauko da jawabin, na tsaya a shafi na huɗu. Na ce wa Kakaki, tunda shi ya rubuta, ya karanta mana da ƙarfi.

Ya fara da muryarsa ta rediyo, muryar tana raguwa. "A nan Yallaɓai zai matsa wurin kwamfuta. Zai rubuta wannan suna. Sannan zai rubuta wannan kalma." Ya tsaya. Sunan Mai Makulli da kalmar sirrinta suna nan a allon, da manyan haruffa waɗanda mai raunin ido zai gani ba tare da tabarau ba.

"Ci gaba," na ce.

"Zai ɗan dakata a yi tafi. Sannan zai ce: Kun gani? Ko ni da na kafa kamfanin nan, sai na bi ta makulli biyu."

Sufeto ya yi wani tari, ya rufe bakinsa da hannu.

Kakaki ya fara kame-kame. Ya ce a da Shugaba kan riƙe 'yar takardar a tafin hannu, amma bana idonsa ya ƙara rauni, ya ce a saka masa cikin jawabin. Shi kuma al'adarsa ce da zarar an sauka daga dandamali ya tura jawabin ga 'yan jarida kafin wani ya riga su labari. 'Yan jarida tamanin ya tura wa, ya kuma ɗora a shafi. Na nuna musu lissafin na'ura: an sauko da shi sau ɗari shida da goma sha biyu, kuma har safiyar nan yana nan.

"Ɓarawon nan ba gwani ba ne," na ce. "Mai karatu ne kawai. Na ba Sufeto inda sawunsa ya ɓulla, a wata ƙasa, kuma ban yi muku alkawarin za a kama shi ba. Amma wanda ya buɗe masa ƙofa ya miƙa masa makulli yana cikin ɗakin nan, kuma ba ita ba ce. An bar jaki ana dukan taiki."

Na zaci zai ji kunya. Wallahi na zaci haka, ni da shekaruna a wannan aiki. Shugaba ya gyara wuyan rigarsa, ya juya ga Kakaki.

"Rubuta. Kamfaninmu ya fuskanci hari mai sarƙaƙiya daga ƙwararrun masu kutse na ƙasashen waje. Binciken da muka ƙaddamar da kanmu ya gano..."

"Yarinyar fa?" in ji Likita.

"Wace yarinya? Oh. Ai ba za mu kai ƙara ba. Tana iya dawowa aiki ranar Litinin, mun yafe."

Mai Makulli ta miƙe. Ta cire katin aikin da ke wuyanta ta ajiye a bakin tebur. "A'a," ta ce. Ta juya ta fita.

*

Likita ta cika alkawari, asibitocinta suka fara janyewa, rahotona kuma ya tafi ga hukumar da abin ya shafa. Sanarwar kamfanin ta fito ranar Juma'a da safe, shafi guda cur. An ambaci hari mai sarƙaƙiya sau uku, an ambaci sabbin matakan tsaro sau huɗu. Game da matar da Shugaba ya nuna wa duniya da yatsa, layi ɗaya ne a ƙasa: babu wani ma'aikaci da ake tuhuma a halin yanzu. A halin yanzu! Na karanta na yi tsaki har direban motar da ke gefena ya waiwayo.

Da la'asar Mai Makulli ta kira ni. Ta ce ta kai wa mahaifinta sanarwar, ya karanta ya ajiye. Ta roƙe ni in zo in faɗa masa da bakina.

Na tarar da shi a falo, ita tana tsaye a bakin ƙofar kicin, yaran sun maƙale a jikinta. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi labarin tun daga farko, a hankali, da ranakun tara, da takardar jawabin. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ya juya wajen ƙofar kicin.

"Uwata," ya kira ta. "Zo nan ki zauna."

Ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya ɗora hannu a kanta, hawaye na bin gemunsa. "Ni ma na yarda da shi," ya ce. "Mutumin da ban taɓa gani ba ya yi magana a akwatin talabijin, na yarda da shi na bar ki. Ki yafe mini."

Ta kifa kai a gwiwarsa, yaran ma suka kama kuka. Na tattara jakata zan sulale, sai ya ɗago ya dube ni.

"'Yata, Allah ya saka miki. Amma ke a ɗaki kika faɗa mini, shi kuwa a gaban duniya ya faɗa. Maƙwabtana duk sun ji shi, malaman jikata sun ji shi. Yaushe zai koma cikin akwatin ya ce ƙarya ya yi mata?"

Na buɗe baki in ce masa wataƙila, sai na tuna da wanda nake magana.

"Ba zai koma ba, Baba," na ce. "Zai koma dai, amma ba wannan zai faɗa ba."

Ya gyaɗa kai. Ya laluba sandarsa ya miƙe da ƙyar, ya ce in ba shi shafi na huɗun nan a takarda. Na ciro kwafina na ba shi. Ya ninke shi biyu ya saka a aljihun gaba, ya ce wa jikarsa ta ɗauko masa hularsa.

"Ina za ka, Baba?" in ji Mai Makulli.

"Ƙofar gida," ya ce. "Gida-gida zan bi. In na gama da layin nan, gobe a kai ni makarantar yarinyar."